Ramin Ƙanƙarar da Muka Yi a Greensboro

Tun da na dawo daga Amurka ban huta da tambaya ba. Matan islamiyyarmu ta Ɗorayi, da masu zuwa sarin ƙanƙara a gidana, kowa sai ya ce, Malama Rabi, yaya ƙasar take? Na gaji da ba da labarin gutsure-gutsure, yau na jirgi, gobe na sanyi, jibi wata ta zo ta ce ai ba haka na gaya wa wance ba. Shi ya sa na zauna na rubuta shi gaba ɗaya. Wadda ta san ni ta san na daɗe ina koyar da Turanci a firamare kafin in yi ritaya in kama sana'ar ƙanƙara, ta kuma san ciwona guda ne, tambaya. Marigayi mai gidana yakan ce ko kabari aka kai ni sai na tambayi mai haƙa wace irin ƙasa ce.

Abin da ya kai ni jego ne. 'Yata ta uku, Hadiza, tana aure a wani gari da ake kira Greensboro, inda mijinta Nasiru yake karatu yana kuma koyarwa a jami'a. Na riga na sami biza muna jiran watan haihuwa, sai ga waya cewa an yi mata aiki an ciro yaro bakwaini, an saka shi a kwalba. Cikin kwana biyu na haɗa kaya, sai dai jirgi bai samu ba sai bayan mako guda. Ban ɗauki tufafin kirki ba, amma na cika akwati da kanwa da kuka da daddawa da busasshiyar kuɓewa da kayan yaji, na ɗora kilishi da dambun nama a sama, don ban ga yadda za a yi mai jego ta zauna ba nama ba.

Daga Kano mota na shiga zuwa Abuja. Direban ya ce ba ya tsayawa sai Kaduna, amma kafin Zariya mun tsaya sau uku, duk don kansa. A jirgi kuwa aka zaunar da ni kusa da wani dattijo Bayarabe da zai je ganin ɗansa. Shi ya nuna mini yadda ake kwantar da kujera, ni kuma na riƙa karanta masa takardar abinci. Abincin dai ba laifi, sai dai kowane abu a ɗan ƙoƙonsa, kamar ana ba mara lafiya. Muka yada zango a wata ƙasar Larabawa, na yi sallolina, muka sake hawa wani jirgin da ya yi ta tafiya har na daina duba agogo, ƙafafuna suka kumbura takalmi ya ƙi shiga.

A filin jirgin farko na Amurka na gamu da kare. Ɗan ƙarami ne mai dogayen kunnuwa, an sa masa riga kamar ma'aikaci, kuma ashe ma'aikacin ne. Ya zo ya shinshina akwatina ya zauna daram yana kallona. Ni kuwa na tattare hijabina na ja baya kada ya taɓa ni, har mutane suka fara leƙe. Jami'in da ke riƙe da shi ya kai ni wani tebur aka buɗe kayana. Kilishi da dambu ya ɗauka da safar hannu ya jefa a wani babban kwando, ya ce nama ba ya shiga ƙasarsu. Na yi masa bayani cewa ya fi dutse bushewa, ya ce ya yarda, amma doka ce. Daddawa ya buɗe ya yi sauri ya rufe. Kanwa ce ta ɗaure masa kai, yana ta juya ta yana tambaya ko dutse ne, sai da na gutsura na sa a baki ya bar mini. Na tambaye shi ina suke kai naman da suka ƙwace, ya ce ƙonawa ake yi. Wannan ya fi ƙwacewar ɓata mini rai.

Nasiru ya tarbe ni a Greensboro da wata ƙatuwar rigar sanyi. Unguwarsu Glenwood, tsofaffin ƙananan gidaje ne na katako a ƙarƙashin manyan itatuwa, yawanci 'yan makaranta ke haya. Ba katanga, ba zaure, daga titi kana hango kujerar falon mutum. Idan ka taka daɓen gidan sai ya yi ƙara, har na daina tashi shan ruwa don kunyar suruki. Abu na biyu da ya ba ni kunya shi ne ganin surukin nawa a kicin yana yanka albasa, yana tambayata ko ina son yaji da yawa. Na ce wa Hadiza ta hana shi, ta ce, "Mama, nan haka ake. In bai dafa ba yau sai dai mu yi oda." Miyar tasa kuwa ta yi daɗi, na dai ƙi faɗa a gabansa.

Washegari suka kai ni asibiti. An riga an yi suna, an yanka rago a wata gona a McLeansville, an sa wa yaron sunan marigayi mai gidana, don haka ni Angona nake ce masa. Na wanke hannu har gwiwa kafin a bar ni in shiga. Da na leƙa kwalbar gabana ya faɗi. Bai fi tattabara ba, fatarsa kamar ledar shayi, ga siririn tiyo ta hanci da ake zuba masa nono. Na yi masa addu'a na fito, na sami kujera a waje na yi kukana yadda uwarsa ba za ta gani ba.

Likitoci sun ce hanjinsa bai yi ƙwari ba, babu abin da ya fi masa sauƙi kamar nonon uwarsa. Don haka aikin Hadiza dare da rana tatsa ne. Da wata na'ura take yi, ta zuba a 'yan ledoji na musamman, ta rubuta rana da lokaci, ta jera a ƙaramar firiza da ke ɗakin wanki a bayan kicin. Da farko nonon ya zo da yawa, ya fi ƙarfin cikin yaron, aka yi ta ajiyewa. Daga baya zazzaɓi ya kama ta, nonon ya ja baya sosai, a daidai lokacin da shi kuma aka fara ƙara masa awo. Sai ya zama abin da ke cikin firizar nan shi ne abincinsa. Kullum za su ɗebi na ƙasa, wanda ya fi daɗewa, su kai asibiti a 'yar kula.

Ni fa na zo jego, amma babu jariri a gida, babu wankan ruwan zafi saboda ɗinki, kunun kanwa ma sai da ta tambayi likita. Da safe su fita asibiti da makaranta, ni in zauna ina kallon bango. Rannan na ce zan bi su a bas ni kaɗai. Na hau ta wancan hannun titin, na tsinci kaina a babbar tashar bas ta tsakiyar gari ina ta raba ido. Wata mata mai hijabi ta dube ni ta ce, "Anti, kin ɓata ne?" Na kusa rungume ta. Bahausar Kumasi ce, Hausarta da ɗan lauje, ba ta bambanta mace da namiji, har ta ce mini "ka bi ni". Ta sa ni a motar da ta dace, ta kuma gaya mini shagon da ake samun gero.

Zaman kaɗaicin ne ya haɗa ni da maƙwabciyarmu. A can mutum zai shekara bai san sunan na kusa da shi ba, ni kuwa ba zan iya ba. Na dama kunun gyaɗa na zuba a jug na je na ƙwanƙwasa ƙofa. Wata tsohuwa 'yar gajeruwa ta buɗe, gashinta fari fat. Sunanta Amparo, 'yar Kwalambiya ce, ta yi shekaru tana koyar da Sifaniyanci da Latin a sakandare, mijinta ya rasu, 'ya'ya sun watse. Da muka gane dukanmu tsofaffin malamai ne zawarawa, shi ke nan hira ta ɓarke, Turancina na Kano, nata na ƙasarsu, kowa na gyara wa kowa.

A zuwana na biyu ne ta karɓi sauran kunun ta ce bari ta sa a "nevera". Na ce a me? Ta nuna firij. Na ce to ai ni na ji masu gyaran rufin gidan gaba, da su ma Sifaniyanci suke ji, suna cewa "refri". Nan fa na taɓo mata inda yake mata ƙaiƙayi. Ta ce waɗancan mutanen Meziko ne, su haka suke cewa, amma a ƙasarta da Sifaniya nevera ake ce, kuma kalmar ta girmi wutar lantarki nesa ba kusa ba. Ta jawo takarda ta rubuta mini da manyan baƙaƙe kamar ina aji uku. A harshen Rumawan dā, wato Latin, dusar ƙanƙara sunanta nix, idan ta shiga cikin magana takan koma nivis. Daga nan suka sami nivarius, abin da ya shafi dusar ƙanƙara ko wanda aka cika da ita. Da Latin ta tsufa ta haifi Sifaniyanci, sai dusar ta zama nieve, wurin ajiye ta kuma nevera.

Na ce wa zai ajiye dusar ƙanƙara, kuma don me? Ta ce don bazara mana. A duwatsun Sifaniya, inda kakanta ya fito, rami ake haƙawa mai zurfi kamar rijiya, a gine shi da dutse, a gefen da rana ba ta bugawa. Idan dusa ta zuba sai mutanen ƙauye su kwaso su zuba, su daddanne ta da ƙafa da tabarya har ta yi tauri, su shimfiɗa ciyawa, su ƙara wata dusar, su sake ciyawa, har ramin ya cika. Idan zafi ya zo a yanko ta gunduwa-gunduwa a ɗora wa alfadarai a kai birni, don sanyaya abin sha da saukar wa marasa lafiya zazzaɓi. Mai wannan sana'a nevero ake ce masa. Da aka ƙirƙiro akwatin katako mai ƙanƙara a ciki, sai sunan ramin ya bi shi, da na lantarki ya zo ya gaje shi.

Na yi dariya har da tafi, na ce ashe ni ma nevero ce ban sani ba. Na ba ta labarin firizojina uku a Ɗorayi, da yadda idan aka ɗauke wuta nake naɗe ƙanƙara da buhun algarara in binne ta a garin katako ta kwana biyu ba ta narke ba. Ta tambaye ni me muke kiran wadda ke zubowa daga sama, na ce dusar ƙanƙara, na yi mata bayanin dusar da ake ba akuya. Ta rubuta a littafinta da murna. Na koma gida ina ta mamakin yadda suna yake raye bayan abin da aka raɗa wa ya mutu. Mu firij ɗinmu daga Turanci muka ara, ba mu sa masa sunan randa ba, ko da yake ita ya kora daga tsakar gida.

Yanzu ga inda na yi ɓarna. Wata Talata da hantsi ina gida ni kaɗai, iska na kaɗawa, sai wuta ta ɗauke. Ku da kuke Kano kun san abin da hannu yake yi kafin kai ya yi tunani. Sau biyu wuta mai ƙarfi tana ƙona mini injin firiza a dawowarta, tun daga nan da an ɗauke nake bin soket ɗaya bayan ɗaya. Na zare na talabijin, na zare na tukunyar shayi, na shiga ɗakin wanki na zare na firiza. Na firij ɗin kicin ne kawai hannuna bai kai ba. Ban ko zauna ba wutar ta dawo. Na mayar da na talabijin, sai ga waya daga gida, yayata ce da labarin wata rasuwa, muka daɗe muna magana. Na manta da ɗakin wanki. Su kuma ran nan da washegari ba su buɗe firizar ba, don asibiti na da na 'yan kwanaki a ajiye, ɗan abin da ta tatsa kuma kai tsaye ta kai musu.

Ranar Laraba da yamma dusar ƙanƙara ta fara zuba, karona na farko. Na fita na tara hannu, na ɗanɗana, na kira Amparo ta taga na ce ga nix ɗinku ta zo. Daga baya abin ya juye ya zama ruwan sama mai daskarewa a duk inda ya faɗa. Da gari ya waye ranar Alhamis kowane reshe ya zama gilashi, kana jin suna karyewa ƙas-ƙas. Wani babban itace ya faɗo ya tare titinmu ya tsinke wayoyi. Wuta ta tafi, kuma wannan karon ba ta da niyyar dawowa. Nasiru ya duba wayarsa ya ce ana maganar kwanaki. Ya kwantar wa Hadiza hankali, ya ce kada kowa ya buɗe firizar, in dai a rufe take za ta riƙe sanyi kwana biyu.

Ni kuma hannuna ya sake kai ni ɗakin wanki. Na sunkuya zan zare waya, sai na gan ta a ƙasa, inda na yar da ita tun Talata.

Na daɗe a tsugune. Ba zan ɓoye muku ba, abin da ya fara zo mini shi ne in mayar da ita a soket in yi shiru. Babu wuta, babu wanda zai taɓa sani, laifin sai ya koma kan itacen da ya faɗi. Har na ɗauki wayar. Amma na yi lissafi irin na mai sana'ar, kwana biyun da Nasiru yake taƙama da su na riga na cinye su. Idan na yi shiru ba za a buɗe ba sai Asabar, kuma ran nan ba za a tarar da komai ba sai tsami. Na ajiye wayar na fito falo, kunya kamar ƙasa ta tsage. Na ce, "Hadiza, ku buɗe firizar nan yanzu. Tun shekaranjiya a kashe take. Ni na zare ta."

Ta miƙe tsaye. Da ta yi faɗa da ya fi mini sauƙi, amma ba haka na rene ta ba. Ta wuce ni ta ɗaga murfin. Na saman sun narke sarai, ruwa ne tsululu, sanyinsu ma ya fara gushewa. Na tsakiya sun yi laushi amma da sauran ƙanƙara a ciki, na ƙasa suna nan da ɗan taurinsu. Nasiru ya kira asibiti, ma'aikaciyar jinya ta ce duk wanda ke da sauran ƙanƙara a ciki za a iya ceto shi in ya koma daskarewa da wuri, wanda ya narke gaba ɗaya kuma ba a san tun yaushe ba, kada a kawo wa bakwaini. Mota ba ta fita, titi kamar an shafe shi da mai. Nasiru ya ce a fitar da su waje kawai, na ce a'a, rana ta fito, ga ruwa na ɗiga daga rufi, sanyin wajen na riƙewa ne, ba na daskarwa ba.

Na zura takalmin Nasiru na tsallaka gidan Amparo ina dafa bango. Ban gama bayani ba ta ce, "To me muke jira? Mu yi nevera." Ta fito da shebur da buhun gishirin da take watsawa a matakala, da ƙunshi biyu na busasshen ganyen wani itace mai kama da allura, da take rufe gindin furanninta da shi. Ita ta zaɓi wuri, bayan gidanmu ta arewa inda rana ba ta kaiwa. Ƙasa ta yi tauri ba ta haƙuwa, sai muka tara dusar ta yi tudu har ƙugu, muka rarake tsakiyarsa. Nasiru na fasa ɓawon sama yana kwasowa, ni da ita muna dannawa da ƙafa. Tsofaffi biyu riƙe da hannun juna suna tattaki kamar masu kwaɓa ƙasar gini, 'yan makarantar gidan gaba har suka fito suna ɗaukar hoto.

Gishirin kuwa ni na san aikinsa, don da shi masu askirim ɗin keke suke riƙe sanyi a garinmu. Na sa aka jera ledojin a babbar tukunyar tuwo, aka rufe, aka sa ta cikin leda aka ɗaure baki kada ruwan gishiri ya shiga. Muka zaunar da ita a cikin bahon roba, na riƙa zuba dusa ina barbaɗa gishiri, dusa, gishiri, har ta nutse. Bahon muka saka a ramin, Amparo ta shimfiɗa ganyenta, muka ƙara dusa muka danne, wani ganyen, sannan tsohon bargo. Tana yi tana haki tana cewa ita fa a littafi da bakin kaka kawai ta san wannan, ba ta taɓa yi da hannu ba sai yau. Yatsuna sun mutu har ban ji lokacin da shebur ya yanke ni ba.

Da na koma ciki na tarar da Hadiza a bakin wurin wanke-wanke da ledojin da suka lalace, guda tara. Sai a lokacin na gane waɗanne ne. Tunda na ƙasa ake ɗiba, na saman su ne sababbi, na bayan zazzaɓi, waɗanda take shafe kusan awa guda tana tatsa kafin ta sami rabin leda. Tana yanke bakin kowace tana duba ranar da ta rubuta, sannan ta zubar. Na ce ta kawo in yi, ta girgiza kai. Na tsaya a bayanta har ta gama, ban taɓa jin na tsani hannuna ba irin ranar.

Kwana biyu muka yi a haka. A gidan Amparo muke ɗumama jiki da dafa abinci, don murhunta na gas ne, na koya mata tuwon semo da miyar kuka, ta ci ta ce launin ne kawai matsala. Safe da rana da yamma nake zuwa ramin, in tsiyaye ruwan, in ƙara dusa da gishiri, ban yarda kowa ya karɓe ni ba. Da yammacin ranar farko na buɗe tukunyar na latsa leda ɗaya, na ji ta kamar dutse. Na yi hamdala, amma ban yi murna a fili ba. Hadiza tana gaishe ni, tana kawo mini shayi, tana tambayar yankan hannuna, duk ba tare da ta dubi idona ba. Asibiti kuma suka bugo suka ce abin da ke wurinsu zai ƙare ranar Asabar da rana.

Ranar Asabar da safe aka zo aka yanke itacen, aka watsa gishiri a titi. Muka tone tukunyar, muka juye ledojin a kula, Nasiru ya ja mota a hankali kamar mai ɗauke da ƙwai. A asibiti ma'aikaciyar jinyar ta ɗauki ledojin ɗaya bayan ɗaya tana latsawa. Ta ce ai ta ji unguwarmu ba wuta, janareta muka samu? Nasiru ya fara yi mata bayani, ta kira abokiyar aikinta ta ce ya sake daga farko. Duka suka karɓa, ba su mayar da ko ɗaya ba.

Aka narkar da ɗaya aka ɗumama, aka zuba a sirinji aka haɗa da tiyon. Yawanci uwa ake ba ta riƙe shi sama, nonon ya gangara da kansa. Ni ina can baya kusa da ƙofa, don ban ga ina da fuskar matsowa ba. Na dai daure na ce, "Hadiza, ki yafe mini." Ban taɓa faɗa wa ɗan da na haifa wannan kalmar ba.

Ta juyo ta dube ni, karon farko tun Alhamis, idonta ya kawo ruwa. Ta ce, "Mama, na ga wayar a ƙasa tun kafin ki fito falo, na je ɗauko tawul. Na kasa buɗe murfin ne don tsoron abin da zan gani, na kuma kasa tambayarki. Da kin mayar kin yi shiru, wallahi ban san yadda zan ƙara kallonki ba." Ta goge ido ta miƙo mini sirinjin. "Zo ki ba angonki abincinsa."

Na karɓa, ta tallafe mini gwiwar hannu. Muka tsaya mu biyu muna kallon farin layin yana sauka a hankali ta cikin tiyon har ya shige hancinsa. Ya yamutsa fuska, ya miƙe ƙafa ɗaya, ya ci gaba da barcinsa. Ban sauke hannuna ba sai da ɗigon ƙarshe ya wuce.